Tabo a Tsakiyar Ƙirjin Yayana

Mun bar ƙauyenmu tun ba a kira assalatu ba, ni da Yayana da direban da na yi shatar motarsa daga Daura. Ku da kuka yi ta aiko mini da saƙo kuna tambayar ina na shige, har wasu na cewa tela ya gudu da yadikan mutane, to ga inda na je. Kano na kai Yaya asibiti. Ɗinkinku yana nan, ba wanda ya cinye.

Shi ya zaɓi lokacin tashin, ba ni ba. Ƙauyenmu yana can bayan Baure, kuma Yaya ne limamin masallacinmu tun rasuwar mahaifinmu. Ba wani babban malami ba ne, manomi ne kamar kowa, sai dai ya yi karatu. Tun bara ya kasa yin sujada. Da ya sunkuya sai jini ya taru masa a ka, fuska ta yi baƙi, idanu su firfito, numfashi ya sarƙe. Rannan ya matsa wa kansa a sallar magariba, sai ɗaga shi aka yi. Shi da bakinsa ya ce wanda ba ya iya kai goshi ƙasa ba ya jan masu iyawa, don haka na'ibinsa ya riƙe kafin ya samu sauƙi. Daga ranar ya koma yin salla a zaune cikin ɗakinsa, ba ya son kowa ya gan shi a haka. Shi ya sa muka sulale kafin mutane su fito alwala. Abu guda ya fito nema: a gyara shi ya koma gaban sahu kafin azumi, ya ja asham kamar yadda ya saba.

Hanyar Baure zuwa Zango na san ta kamar yunwar cikina, amma ban taɓa jin zafin ramukanta ba sai ranar. Yaya yana gaba, an miƙar masa da kujera tsaye don ba ya iya kishingiɗa, duk ramin da muka faɗa sai tari ya turnuƙe shi. Direban mutumin Mai'adua ne, ya saba da gudu a hanyoyin bakin iyaka, ƙafarsa ba ta san birki ba. Na daure, na daure, sai na ce masa, "Malam, ba buhun shinkafa ka ɗauko ba fa." Ya yi dariya ya rage, can an jima ya manta. A Zango muka tsaya sallar asuba a wani masallacin bakin titi. Yaya bai fito ba, a cikin mota ya yi tasa, yana nuni da kai. Na yi kamar ban gani ba.

Gari ya waye mana muna dab da Daura. Gonaki fayau, an kwashe kara tun tuni, bishiyoyin gawo ne kaɗai kore, awaki sun taru a gindinsu suna jiran abin da zai faɗo. Muka biya ta gidana don mu karya, mu kuma ɗauki hotunan ƙirjin da aka yi masa a baya. Maiɗakina ta kawo koko da ƙosai, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Yaya, ai kuwa an murmure, har ƙiba aka yi." Ban ga laifinta ba. Haka duk ƙauye suke cewa, wai hutu ya karɓi Malam, dubi kumatu, dubi wuya. Ni kuwa da nake ɗinka masa kaya na san abin da almakashina ya gani. Sau biyu ina buɗa masa wuyan riga, a lokaci guda ina rage masa ƙugun wando. Ƙibar da take tsayawa a wuya ta bar ciki ban taɓa auna wa wani ba, amma ban san ma'anarta ba.

Ba kuma zama muka yi ba kafin wannan tafiyar. An ce asma ce, ya shaƙi magani. An ce tarin fuka ne, ya sha ƙwayoyi wata da watanni har fitsarinsa ya koma ja. An ce hawan jini, aka hana shi gishiri. Da jijiyoyi suka fito masa raɗa-raɗa a ƙirji, kore-kore kamar an zana, tsofaffi suka ce mataccen jini ne, aka kira wanzami ya kafa masa ƙaho har sau ba adadi. Ni ma na riƙe masa kafaɗa a ɗaya daga ciki. Daga ƙarshe wani likita a nan Daura ya ɗaga hoton ƙirjin, ya daɗe yana dubawa, ya ce tsakiyar ƙirjin ta yi faɗi fiye da ƙa'ida, kuma abin ya fi ƙarfin na'urarsu. Shi ya tura mu Kano.

Daga Daura zuwa Kazaure hanya ta ɗan yi dama. Shingayen jami'ai kuwa ba a magana, kowanne sai ya leƙo. Da sun ga fuskar Yaya da rawaninsa sai su ce, "Allah gafarta Malam, a sa mu a addu'a," su ɗaga mana hannu. Direba ya ce da zai samu irin wannan fasinja kullum da ya gina gida. Wajen Kazaure masu noman rani sun jera kwandunan tumatir da albasa a bakin titi, araha kamar a ba ka kyauta, amma man da muka sha a gidan mai ya rama musu. A Dambatta na sayo fura mai sanyi. Yaya ya kurɓa kaɗan-kaɗan, yana tsayawa tsakanin kowace kurɓa kamar mai sauraron wani abu a cikinsa. Da can mutum ne da yake shanye ƙwarya kafin ka wanke ludayi.

A Kano wani abokin sana'ata ya sauke mu a ɗakin zaurensa, Allah ya biya shi. Ya tara wa Yaya matasan kai har ya zama kusan a zaune yake barci. Washegari muka shiga babban asibitin. Jama'a, in kana ganin kai kaɗai ne da damuwa, je ka can ka tsaya a layin yankar kati. Ga mutanen Jigawa, ga na Nijar, ga wata tsohuwa daga Yobe da ta ce ta manta ranar da ta baro gida. Kowa da leda a hannu cike da hotuna. A bakin ƙofa akwai masu ɗanwake da awara da shinkafa da wake, sun san ba ka da wurin zuwa, don haka cokalinsu ƙarami ne, kuɗinsu babba. Na yi faɗa da mai shayi a kan madara, na yi faɗa da mai gadi a kan benci, na yi faɗa da wani da ya tsallake layi. Yaya ya ce mini, "Kai dai ba ka canja ba." Gaskiya ne. Tsoro ne yake fita mini ta baki.

Aka rubuta mana hoton da suke kira siti. Na'ura ce mai rami a tsakiya, ana kwantar da mutum a tura shi ciki, bayan an yi masa allurar wani ruwa da yake sa jijiyoyi su fito sosai. Matsalar ita ce sai an kwanta rigingine a miƙe, abin da Yaya ya yi watanni bai yi ba. Mai ɗaukar hoton ya ce ɗan lokaci ne kawai, ya daure. Ta gilashi nake hango shi. Ina kallo fuskarsa ta fara cika, leɓɓansa suka canja launi, yatsun ƙafarsa suna motsi, amma bai ɗaga hannu ya ce a tsaya ba. Da aka fito da shi sai da muka zaunar da shi ya daɗe kafin ya iya magana. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ya fito da kyau?"

Ya fito. Wani matashin likita ya nuna mana wani farin abu a tsakiyar ƙirjin, ya ce suna zargin ciwon daji ne, amma sai an yanko ɗan nama an auna.  Aka kwantar da Yaya, aka yi masa ɗan yanka a ƙasan maƙogwaro, aka ce mu jira sakamako. Jiran ya ɗauki makonni. Na ga Kano fiye da yadda na so: na bi abokina shago ina taya shi sa maɓalli don kada in haukace, na leƙa kasuwar yadi ban sayi ko ƙyalle ba. Yaya kuwa yana zaune a zaure yana bitar surorin da zai ja asham da su. Muryarsa ta dushe, yana yanke aya a inda bai saba yankewa ba don ya ja numfashi, sai ya koma farkonta. Watan Sha'aban ya tsaya muna can.

Ranar da sakamako ya fito, matashin likitan nan na tare a baranda. Yana sauri, ya buɗe takardar ya duba, ya ce, "Ba daji ba ne. Gobe ku ga babbar likita, za ta yi muku bayani." Wallahi ban ji rabin maganar na biyu ba. Ba daji ba ne! Na fita waje na kira Inna, mahaifiyarmu. Na ce mata an auna, ba mugun ciwon ba ne, Yaya ya tsallake, mun kusa dawowa. Ina jin guɗarta ta cikin waya, ina jin tana kiran maƙwabta. Da yamma na sayo tsire har na ba mai gadin da muka yi faɗa. Yaya ya ce alhamdu lillahi, ya ƙara da cewa da na bari mun ji bakin likitar tukuna. Na ce haba Yaya, me ya rage kuma?

Babbar likitar mace ce mai gilashi, ba ta da hayaniya, Hausarta tas. Ta sa Yaya ya buɗe riga. Da ta ga sawun ƙaho a kan jijiyoyin nan sai ta ce kada a sake bari kowa ya sa aska a wurin. Ta ce babbar hanyar da jini yake bi daga kai da hannuwa ya koma zuciya ce ta toshe, waɗannan jijiyoyin kuwa ƙananan hanyoyi ne da jinin ya fasa wa kansa, su suke riƙe da shi. Nan take na gane, don duk mutumin ƙasar Daura ya ga yadda babura suke fasa daji in an rufe bakin iyaka a Kongolam. Ashe hanyoyin da suke ceton sa muke ta tsagawa.

Ta juyo da allon kwamfuta ta nuna mana. Ta ce tsakanin huhu biyu akwai wani fili, nan zuciya take, ta nan manyan jijiyoyi da hanyar iska da hanyar abinci suke wucewa. Wani ciwo ya taɓa shiga wurin, mai yiwuwa shekaru da yawa da suka wuce, ya warke, amma jiki bai daina gyaran wurin ba. Tabo ya yi ta ƙaruwa, ya yi tauri, ya naɗe babbar jijiyar ya shaƙe ta, yanzu ya fara matsar hanyar iska. A raina na ce kamar telan da aka ba ƙaramin faci, ya yi ta bi da zare har ya ɗinke wuyan rigar. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, dogo, har yau harshena bai iya juya shi ba. Ta ce ba kasafai ake ganin sa ba, shi ya sa aka yi ta kai shi wasu wurare.

Ta tambaye shi ko ya taɓa dogon tari yana matashi. Ya ce ya yi. Ta tambaya ko yana kiwon tsuntsaye, ko yana shiga inda jemagu suke kwana.  Ya ce tsohon masallacinmu na ƙasa, kafin a sa kwano, jemagu ne cike da azararsa, kuma shi yake share kashinsu da hannunsa duk shekara, a kai gona. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da take zama a irin wannan wurin, tana iya jawo haka, tarin fuka ma yana iya jawowa, amma ba za ta rantse a kan ɗaya ba. Na dubi Yaya. Ƙasa yake kallo.

Na ce to a yanke tabon mana. Ta ce ya manne da komai, wuƙa ba ta da wurin bi. Na ce magani fa? Ta ce za a gwada wasu ƙwayoyi, amma babu wanda ta san yana narkar da tabon da ya riga ya yi tauri. Akwai wani ɗan bututu da ake sawa cikin jijiya don a buɗa ta, sai dai tasa ta toshe da tsawo, za ta tuntuɓi waɗanda suka fi ta sanin aikin, amma kada mu ɗora rai. Shi tabon, na wani yakan tsaya da kansa, na wani ya ci gaba, ba ta san wanne ne na Yaya ba. Ya riƙa barci kai a sama, ya guji sunkuyo, ya dawo a duba shi.

 Sai da ta gama Yaya ya gyara zama.

"Likita, na ji duka. Sujada fa?"

Ta cire gilashinta ta riƙe a hannu. "Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. Kada ka yi. Ba yanzu ba, kuma ba na jin nan gaba."

"To," in ji shi. "Allah ya saka da alheri."

Ni ne na kasa. Na ce yanzu duk wannan wahalar, da yanka, da jira, suna kawai muka zo saye? Na ce da daji ne ma ai an ce akwai abin da ake yi masa. Yaya ya juyo ya ce, "Kai, rufe mana baki, ba ita ta sa mini ba." Na rufe. Likitar ba ta ji haushi ba, da ma ta ji da na samu wanda zan yi faɗa da shi.

Mun kamo hanyar gida da hantsi, direban nan dai na sake kira. A wannan karon bai yi gudu ba, ban kuma ce masa komai ba, ina jin fuskokinmu ya karanta. Yaya ya sa aka tsaya na sayo gurasa tsarabar Inna. Wajen Kazaure na fito da waya zan kira gida in gyara maganar da na ɓata, ya ce in mayar da ita aljihu, ba a waya ake faɗin irin wannan ba.  Zafi ya yi tsanani, kwalta tana walƙiya, masu tumatir suna ɗaga mana hannu. Ban tsaya gidana ba, muka wuce.

Ku da kuke tambayar abin da na koyo a tafiyar, ba shi da yawa kuma ba shi da daɗi. Na fita ina ganin in dai an gano sunan ciwo to an gama, saura sayen magani. Ashe akwai ciwon da za a nuna maka shi ƙuru-ƙuru a allo, a gaya maka inda ya faro da inda ya nufa, sannan a buɗe maka ƙofa ka tafi da abinka. In kun ga fuskar mutum tana kumbura jikinsa yana ramewa, kada ku yi masa barka da ƙiba, kada ku kira wanzami, ku kai shi asibiti da wuri. Kuma kada ku kira gida sai likita ya rufe bakinsa.

Mun shiga ƙauye ana kiran la'asar. Tun daga bakin rijiya mutane suka biyo motar. Mata sun yi wainar sadaka, Inna tana ƙofar gida tana sa albarka, maza suna ta miƙo hannu ta taga, "Malam, barka da arziki, barka da samun lafiya." Kowace barka sai ta soke ni, don ni na aiko da ita. Na zaci Yaya zai shige ɗaki. Sai ya ce a kawo masa buta. Ya yi alwala a tsaye ina zuba masa ruwa, ya nufi masallaci, karo na farko tun ranar da aka ɗaga shi.

An share masallacin, an shimfiɗa sabuwar darduma a wurin liman. Aka tayar da iƙama. Na'ibin, wanda Yaya ne ya koya masa karatu, ya ja da baya ya shiga sahun farko ya bar gaban a buɗe. Sahu ya dare, Yaya ya bi ta tsakiya a hankali har ya kai gaba. A raina na ce zai gwada. Bai taka dardumar ba. Ya kamo hannun na'ibin ya jawo shi ya tsayar a kai, sannan ya juyo ya fuskanci mutane. Muryar ba ta fita sosai, amma masallacin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Daga yau ku daina ce masa na'ibi. Ni kuma a samo mini benci."

Ba wanda ya motsa. Sai da ya maimaita sannan wani ya fita ya ɗauko bencin mai shayi, aka ajiye a ƙarshen sahu, jikin bango. Yaya ya zauna, na tsaya kusa da shi. Sabon liman ya yi kabbara. Da aka kai sujada duk masallacin ya tafi ƙasa, ni ma na tafi, shi kaɗai ya rage a sama. Ina jin numfashinsa a kaina, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar. Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, ni goshina yana ƙasa. Ba addu'a ce ta riƙe ni ba. Kuka nake yi, kuma ba na son Yaya ya gani.